Gefen da Dutse ke Gumi

Laifina ne, kuma ba zan kira shi kuskure ba, domin mai kuskure bai sani ba, ni kuwa na sani. Shekara da shekaru ina zaune cikin mutanen garinmu suna ɗora wa kamfani laifi, suna ɗora wa ƙarancin ruwan sama, wasu har suna ɗora wa dagacinmu da ya rasu, ni kuma ina gyaɗa kai kamar baƙo. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yan shekarun firamare, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. So nake kawai a san yadda idon ruwan da ke gindin dutsenmu ya mutu, a kuma san da bakin wa aka kashe shi.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Gwaram, yana jingine da dutse ta yamma da shi. Da muna yara ba mu ɗauki dutsen nan a bakin komai ba, yadda yaro ba ya lura da katangar gidansu. Sai yanzu da babu shi nake jin sa a kunnena. Da hantsi za ka ji kukan rema daga cikin kogo, zabin daji suna amsawa daga ƙasa. Mata suna hawa da ƙwarya a ka su baza kuɓewa da barkono a kan falalen dutse, suna hira suna korar awaki. Akwai wani dutse mai faɗi da yake kuka kamar kuge idan an buga shi, 'yan mata suna zuwa can da yamma su yi ta kiɗa har a aiko a kira su. Ƙasar da ke saman dutsen ba ta da kauri, wani wurin idan ka tona da yatsa sai ka taɓo dutse, amma ita ce ta riƙe gamba da kanya da ɗinya da marke da ƙirya. Tsofaffi suna rataye amya a kan itatuwan, mu sha zuma bayan kaka. Duk uwar da ɗanta ya kwana da ciwon ciki ta san itacen da za ta je ta sassaƙo. A gindin dutsen ta gabas kuwa akwai idon ruwa. Ba mu sa masa wani suna ba, Ido kawai muke ce masa. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi suke komawa laka, Ido yana tsattsafowa a hankali, mai sanyi, ya gangara ya jiƙa wata fadama da ake noman rake da albasa a cikinta.

Babana masassaƙin dutsen niƙa ne, haka ma kakana. A lokacin ba a kai amarya ɗakinta sai da dutsen niƙa, saboda haka daga Kangire da ƙauyukan Birnin Kudu ake zuwa gidanmu da jakuna. Yadda ake aikin shi ne a tara itace a kan falale, a kunna wuta tun safe, a bar ta tana ci har dutsen ya yi ƙara ya ɗago da kansa, sannan a sa ƙarafa da guduma a ɓamɓaro shi. Amma kafin a kunna wuta sai an saurari dutsen. Baba yana da wani ɗan baƙin dutse mai santsi wanda bai wuce cikin tafin hannu ba. Zai durƙusa ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Busasshen dutse yana amsawa da kaifi, kamar ka buga tulun da babu komai a ciki. Wanda ke da ruwa a cikinsa kuwa muryarsa a dushe take, kamar tulu cike. Kafin in iya noma na iya wannan. Bayan an cire dutse kuma akwai aikin da na fi tsana, wanda Baba ke kira mayar wa dutse rigarsa: sai mun yi ta hauro da ƙasa a kwando mun cike gurbin, mu dasa gamba a kai. Ina yi ina ƙunƙuni, shi kuwa ba ya sauka sai ya taka wurin da ƙafarsa ya ji ya yi masa.

Wata rana da sassafe, cikin zafin bazara, ya kai ni gefen gabas, can sama da Ido, ya kama hannuna ya ɗora a jikin dutsen. Na ji danshi.

Ya ce, "Ka ji? Nan ne dutse yake gumi. Ruwan damina ta sama yake shiga, ƙasa da saiwa su riƙe shi, ya bi kowace tsaga ya kwanta, yana saukowa kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Abin da kake gani a ƙasa bakin Ido ne kawai. Cikinsa yana nan. Ba a kunna wuta a nan. Ko wa ya aiko ka, ka ce masa babu."

Abin haushin shi ne dutsen gefen nan ya fi na ko'ina kyau, yana tsagewa sumul. Da na zama saurayi na taɓa ɓamɓaro wani ɓangaren dutse da ya riga ya saki, na kawo gida ina jin daɗi. Baba ya juya shi sau ɗaya ya gane inda ya fito. Bai doke ni ba. Ɗora mini shi ya yi a ka, ya sa na ratsa ta gaban 'yan matan da ke ɗibar ruwa, na hau na mayar da shi inda na ɗauko. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce mini wataƙila na manta. Wuyana bai manta ba.

Fadamar da ke ƙasan Ido ta gidan su Buba ce. Buba sa'ana ne, daga cikin Fulanin da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Hausa yake yi kamar kowa, ba ka jin Fulatanci a bakinsa sai saniya ta ɓata masa rai. Tare muka tashi. Shi yana ce mini Mai Kunne, ni ina ce masa Jauro, ko da yake bai taɓa sarautar komai ba sai garkensa. Innarsa ba ta taɓa bari na wuce ƙofarsu ban sha kindirmo ba, Baba kuma shi ya sassaƙa mata dutsen niƙanta, ya ƙi karɓar komai.

Sai injin niƙa ya zo. Ba na zagin inji, ya hutar da hannuwan mata. Amma cikin 'yan shekaru aka daina zuwa ƙofarmu da jakuna. Baba ya rasu, na koma gona, kuma ni ba wani manomin kirki ba ne. Duwatsun da na sassaƙa ba a saya ba suka zama wurin zama a ƙofar gida. Abin da ya fi ci mini rai ba rashi ba ne, domin ba mu kwana da yunwa ba. A'a, rashin tambaya ne. A da idan ana maganar dutse kowa juyowa yake ya dubi gidanmu. Yanzu sai na zama mutumin da ake gaisarwa a wuce. Wannan ciwon na riƙe shi a ciki, ban gaya wa ko uwar 'ya'yana ba, har ya girma ya fi ni.

A haka wasu mutane masu hulunan kwano suka zo. Ana aikin hanya, suna neman dutsen da za su fasa su yi tsakuwa, kuma gefen gabas suke so, don ya fi kusa da inda tifa za ta shiga. Dagacinmu mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce musu ba zai ce komai ba sai an kira ni, tunda gidanmu ne suka san dutsen. Har ƙofar gida suka zo da mota. Babbansu ya cire hula ya gaishe ni, ya ce, "Baba Injiniya, an ce kai ne mai ilimin wurin nan." Ya buɗe mini gidan gaban motar. Na ga maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Na koma ciki na ɗauko ɗan baƙin dutsen Baba, na sa a aljihu.

Muka hau. Na durƙusa a daidai wurin da Baba ya taɓa ɗora hannuna, na ƙwanƙwasa. Tulu cike. Na matsa gaba na sake, haka. Ban ma buƙaci ƙwanƙwasawa ba, gwiwar wandona ta riga ta jiƙe.

Mutumin ya ce, "Yaya, Baba? Idan akwai matsala ka faɗa. Akwai wani dutsen wajen Wurno, sai mu je can."

Ban ɓoye wa kaina abin da na yi tunani a lokacin ba, ba zan ɓoye muku ba. Na ga motar nan ta juya ta tafi Wurno, wani tsoho can yana zaune a gidan gaba, ni kuma na koma kan dutsen niƙana a ƙofar gida. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa na ce, "Busasshe ne. Ruwan Ido daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa, bai haɗa hanya da nan ba."

Aka tara gari a gindin tsamiyar ƙofar dagaci, na maimaita maganar a gaban kowa. Mutane suna murna, don an ce za a ɗauki samari aiki. Sai Buba ya miƙe daga baya, da sandarsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san dutse ba, amma na san saniya. Duk bazara shanuna wurin nan suke hawa da safe su yi ta lasa. Saniya ba ta lasar busasshen dutse."

Dagaci ya juyo ya dube ni. Da na yi shiru ma da ya isa. Amma na ga mai hular kwano yana kallona, sai na ce, "Allah ya ja zamaninka, yau kuma saniya ce za ta ba da shaida? To a kawo ta ta rantse mana. Jauro, ni na taɓa zuwa rugarku na ce zan koya maka tatsa?"

Aka fashe da dariya. Wani daga gefe ya ce, "Lauyan shanu ya sha kaye," aka ƙara fashewa. Buba bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya jira aka lafa, ya dube ni ya ce, "Mai Kunne, ka ƙwanƙwasa?"

Na ce, "Na ƙwanƙwasa."

Ya ce, "To, shi ke nan." Ya zauna.

Ba don an rinjaye shi ya zauna ba. Ya zauna ne don ya yarda da ni fiye da yadda ya yarda da shanunsa.

Aka ba ni hular kwano da usur da jar tuta. Aikina shi ne in busa kafin a tashi nakiya, in tsare hanya. Da hular nan nake zuwa kasuwa, Allah ya yafe mini. Ina tsaye da tuta katafila ta hau ta kankare ƙasar da mu da kakanninmu muka yi ta haurarwa a kwando, cikin kwanakin da ba su cika mako ba. Kanya da ɗinya suka kwanta saiwa a sama. Ranar da aka tashi nakiyar farko bangon ɗakuna ya tsattsage, tun daga ranar kuma ban sake jin kukan rema ba. Ƙudan zuma suka bar amya. Birai da suka rasa abin ci a sama suka sauko wa gonaki. Farar ƙurar injin fasa dutse ta riƙa kwanciya a kan ganyen albasar Buba har sai ya wanke kafin ya kai kasuwa. Da aka fasa fuskar gabas ɗin sosai, ruwa ya yi kwanaki yana zubowa daga jikin dutsen, yana gangarowa a banza cikin rami. Mai hular kwano ya dube ni. Na ce masa ragowar ruwan sama ne. Bai ƙara tambaya ba, ina jin shi ma ba ya son sani.

A da idan an yi ruwa, dutsen shanyewa yake yi, sai bayan kwana biyu ka ga Ido ya ƙaru. Daminar da ta biyo baya kuwa, ruwan bai sami abin riƙe shi ba. Ya sauko gaba ɗaya, jajir, da yashi da tsakuwa, ya faɗa fadamar Buba. Ya haƙa kwazazzabo a tsakiyar raken, ya binne sauran. Shekarar farko Ido ya kai ƙarshen rani sannan ya ƙafe. Shekara ta biyu bai wuce kaka da nisa ba. Daga nan sai damshi, daga damshi sai ƙasa mai tsagewa. Da aikin hanya ya ƙare, kamfanin ya kwashe injinansa ya tafi, ba wanda ya mayar wa dutse rigarsa. Suka bar mana rami mai zurfi da koren ruwa a ƙasansa, wanda ba ya shayuwa, ba ya kuma isuwa. Wata saniyar Buba da ƙishirwa ta dama ta gangara, ta zame ta karye ƙafafu biyu, a can ƙasa aka yanka ta. Duk da haka sunan nan bai bar shi ba. Yaran da ba a ma haifa ba ranar taron suna ganinsa su ce ga Lauyan Shanu.

Daga ƙarshe ya tattara ya koma wurin surukansa a Fagam. Ta ƙofata amalankensa ya bi. A saman kayan na hango dutsen niƙan Innarsa, wanda Baba ya sassaƙa, an ɗaure shi da igiya. Ya tsaya ya miƙo mini hannu.

Ya ce, "Mai Kunne, mun tafi. Na ga ka rame. Kada ka sa abin nan a ranka, kai ma ba ka sani ba. Dutse ne, wa ya shiga cikinsa ya gani?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Tun daga ranar na ajiye hular a ƙarƙashin gado. Na yi istigfari ba adadi, amma na san haƙƙin mutum ba a wanke shi a bayan idonsa. Yau matan garinmu suna bin layi a famfo ɗaya da rijiya ɗaya da ke gefen arewa. Jikokina ba su san ɗanɗanon kanya ba sai an sayo a kasuwa. Idan na ce musu a wurin ramin nan akwai dutsen da ke kuka kamar kuge, kallona suke kamar mai tatsuniya. Sau da yawa na shirya zuwa Fagam, in kai bakin titi in dawo, in ce wa kaina ai ya yafe. Alhali abin da ya yafe ba shi ne abin da na yi ba.

Bana wasu mutanen suka sake zuwa, da wata motar, suna son gefen arewa, wanda rijiyarmu ke gindinsa. Dagacin yanzu ɗan wancan ne, ya kuwa faɗi maganar ubansa kamar an biya masa: a kira ni, gidanmu ne suka san dutsen. Na hau da sanda, da kyar. Na ƙwanƙwasa, na ji abin da na ji. Na roƙi a ba ni mako guda kafin taro, na shiga motar Fagam, wannan karon ban dawo daga bakin titi ba.

Na tarar da Buba a inuwar zaure, ido ya yi rauni, amma ya gane sallamata.

Ya ce, "Mai Kunne? Ashe kana da rai. Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu, Jauro. Taro za a yi a gindin tsamiya, kan maganar dutse. So nake ka zo."

Ya yi dariya har da tari. "Lauya kuke nema kuma? Ai waɗanda nake tsaya wa sun ƙare, saura biyu da maraƙi."

Na ce, "Akwai maganar da zan gaya maka. Ta farkon a can na yi ta, wannan ma can ya kamata."

Ya murza sandarsa. Sannan ya ce a kawo mini kindirmo.

Ranar taron ya zo a bayan babur, aka ba shi tabarma a gefe. Abin da aka yanke game da gefen arewa har yanzu ana kai da kawowa, ba kuma shi na zauna rubutawa ba. Da dagaci ya ba ni dama, na ce gefen arewa da ruwa a cikinsa, idan aka fasa rijiya za ta bi Ido. Na ce amma kada kowa ya yarda don ni na faɗa, su hau da sassafe su ɗora hannu su ji da kansu, domin bakin nan nawa ya taɓa yi musu ƙarya a gindin itacen nan. Na taka har gaban tabarmar Buba, na durƙusa yadda nake durƙusa wa dutse, na ciro ɗan baƙin dutsen Baba na ajiye a gabansa, na ɗaga murya don na baya su ji.

"Buba, ranar nan ka tambaye ni ko na ƙwanƙwasa, na ce maka na ƙwanƙwasa. Ba ka tambaye ni abin da na ji ba, saboda ka yarda da ni. Ruwa na ji. Gwiwata a jiƙe na sauko. Shanunka suna da gaskiya, kai ma kana da gaskiya, na sani tun kafin ka miƙe, na kuma sa aka yi maka dariya don a bar ni a gidan gaban mota. Ranar da za ka tashi ka ce ban sani ba, na yi shiru na karɓa. Ba ni da fadamar da zan mayar maka, ba ni da Idon da zan mayar wa garin nan. Duk wanda ya sake ce maka Lauyan Shanu, ya sani ni ne maƙaryacin da aka yi shari'ar da shi. Ka yafe mini, Jauro, yanzu da ka san abin da za ka yafe."